Kayan Yayi da Ɗalibata Ta Ɗinka

Ba a san ni da haƙuri ba, tun ina yarinya a Nima. Mahaifiyata takan ce da za a ɗinke mini baki, da gidanmu ya zauna lafiya da maƙwabta. Sai ga shi Allah ya kai ni koyarwa a makarantar kurame, inda baki ba ya aikin komai sai cin abinci. Makarantar tana can kan tudu, nesa da Accra, kuma na yi shekaru a cikinta ina koya wa 'yan mata ɗinki da saƙa. Idan an yi hutu in hau trotro, motar haya, in sauko gida. Wannan abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru bayan farin nan da aka yi, lokacin da aka koro mutanenmu daga Najeriya, gari ya cika da masu neman aiki.

Koyarwa ba ta taɓa damuna ba. Ranar sallama ce take cin raina. A jera yara cikin fararen kaya, shugaban makaranta ya miƙa wa kowa takardar shaida, a ɗauki hoto, iyaye su yi ta tafi wanda yaran ba sa ji. Daga nan shi ke nan, makaranta ta gama nata. Babu wanda yake tambayar inda yaro zai nufa da safiyar Litinin. Akwai wani da ya fi kowa iya aikin katako a shekararsu, na tarar da shi a bakin titi yana goge gilashin motoci. Wata kuma da na koya wa yanka da hannuna, na same ta tana wa matan gidansu wanki, takardar shaidarta tana rataye a bango ta yi ƙura.

Don haka na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Duk yaron da ya fito daga zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi, tunda ina jin Hausa kuma na san lunguna, ni nake yawon nema masa wurin aiki. Nima, Maamobi, Alajo, har Sabon Zongo na taka. Amsar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Mai shago ya dubi yaron daga sama har ƙasa, ya ce Allah sarki, ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan kwabbai. Ba abin da yake tafasa mini zuciya kamar wannan hannun da ke shiga aljihu. Nakan ce masa aiki muka zo nema, ba bara ba, sai a ce Tichar nan ba ta da kunya. A zango da Ticha aka san ni, har tsofaffin da suka ga haihuwata haka suke kirana.

Cikin dukan waɗanda na yi wa wannan yawo, akwai yarinya ɗaya da har yau idan na tuna ta sai abinci ya fita raina. 'Yar Maamobi ce, gidansu yana kusa da babbar kwata. Mahaifinta Bamoshe ne, baƙo daga arewa, mai gadi, mahaifiyarta tana sayar da shinkafa da wake a bakin hanya. Ba a haife ta da kurumta ba. Tana 'yar ƙarama, har ta fara surutu, zazzaɓi mai zafi ya kama ta, da ta tashi sai kunne ya tafi, magana ma ta bi shi. A unguwa ba mai kiranta da sunanta, Bebiya kawai ake cewa, har a gaban uwarta. Ni dai ɗalibata nake ce mata, kuma haka zan ci gaba da kiranta a nan.

Yarinyar nan tana da ido. Mace ta wuce ta gabanta sanye da kaba, wato rigar nan tamu ta mata da ake ɗaurawa da zane, ta kalle ta sau ɗaya, gobe ta yanka miki irinta. Ga ta da taurin kai, wanda ya sa muka shaƙu, don ni ma ba baya ba ce. Idan ɗinki ya karkace ko da kaɗan ne, sai ta farke shi gaba ɗaya, ko da na ce mata ya yi. Tun tana aji na ƙarshe ta gaya mini da hannu abin da take so: teburinta, keken ɗinkinta, mata su zo da kansu su tsaya ta auna su. Ba ta son a ajiye ta a gida ana ba ta abinci kamar akuya.

To amma a zango takardar makaranta ba ta mayar da mace tela. Sai kin zauna a ƙarƙashin wata uwar ɗaki, wadda muke kira Madam, kin yi shekaru uku kina mata bauta, sannan a yi miki bikin 'yanci, wanda kowa yake kira firidom. Idan ba a zuba miki hoda a ka a gaban jama'a ba, ko mayafin jariri ba mai kawo miki. Na san haka, ita ma ta sani. Saboda haka na soma zarya wurin wata Madam da ke da shagon katako a bakin babban titin Nima, wadda manyan matan unguwa suke kai wa ɗinki.

Da fari ta ƙi. Ta ce yaya za ta yi da wadda ba za ta ji kira ba, ba za a aike ta sayen zare ba, kuma idan baƙi suka zo ba za ta gaishe su ba. Na ce mata 'yan matan da ke jin kiran ma ai ban ga suna amsawa ba. Na yi ta komawa har ta gaji da ganin fuskata. Ranar da ta yarda, muka kai abin da aka saba kaiwa: goro, lemon kwalba, biskit, kujerar zama, almakashi, da keken hannu wanda uwar yarinyar ta daɗe tana tara masa a adashi. Mahaifinta ya zo cikin rigar gadinsa, ya durƙusa wa matar da ya girme ta, yana ta godiya.

Yarinyar da ta yi shekaru tana ɗinka kayan makaranta guda, Madam ta mayar da ita kan takardar siminti. Haka ake fara wa kowace sabuwa: a wanke buhun siminti, a shanya, ki yi ta yanka kina ɗinkawa a kai kafin a yarda ki taɓa atamfar mutane. Ga shara, ga hura gawayin dutsen guga, ga ɗebo ruwa. Wannan duk ban ce komai ba, al'ada ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da na zo na tarar ana jifan ta da dunƙulen zare idan ana son ta waiwayo, sauran 'yan matan suna ƙyalƙyala dariya. Na wanke su tas, har Madam ɗin ban bari ba. Sannan na nuna musu abin da muke yi a makaranta. Daɓen shagon katako ne, idan ka buga ƙafa sau ɗaya tana ji a jikinta, ta ɗago kai. Daga ranar aka daina jifa, aka koma buga ƙafa.

Ba a daɗe ba Madam ta gane abin da Allah ya kawo mata. Sai ta ɗauke ta daga gaban shago ta kai ta ƙurya, ta rataya labule tsakaninta da masu shigowa. Ta ce mini don kada hayaniya ta dame ta ne. Hayaniya, ga wadda ba ta ji! Na yi dariya kawai. A bayan labulen nan aka riƙa tura mata duk aikin da ya fi wuya: wuyan riga, shafi, kalmasa, kayan amare, kayan suna. Madam ta auna, ta karɓi yabo a waje, ɗalibata ta ɗinka a ciki. Na bar shi a haka saboda na ga hannunta yana ƙara faɗawa, kuma na ce ai na ɗan lokaci ne.

Ranar firidom ɗinta na yi kuka, ni da ba na kuka ko a gidan makoki. An kafa rumfa a ƙofar shago, ta fito cikin farar kabar da ta ɗinka wa kanta. Madam ta rataya mata tef ɗin awo a wuya, ta damƙa mata almakashi, ta zazzage mata hoda a ka har ta koma fara fat. Malami ya yi addu'a, aka shafa. Uwarta ta yi ta rawa da ludayin miya a hannu, don daga wurin sana'a ta taho. Yarinyar ta hango ni cikin mutane ta yi mini alama da hannu cewa yanzu ita ma Madam ce.

Mahaifinta ya haɗa mata tebur da 'yar rumfar kwano a ƙofar gidansu. Ta zauna, ta buɗe keke, ta jira. Matan da suka ci shinkafar firidom ɗinta su wuce ta gabanta da atamfa a hammata, su ɗaga mata hannu, su nufi babban titi. Abin da ake kawo mata sai wandon yaro da ya yage, sai zanen gado da ya tsufa a ce ta haɗa. Wasu ma ba su kawo komai, su ajiye mata kwabo a kan tebur su ce a yi musu addu'a. Takan bi su da gudu ta mayar musu. Watanni suka shuɗe a haka, duk hutun da na sauko sai in tarar ta ƙara ramewa, kekenta kuwa tsaf, kullum sai ta goge shi ta sa masa mai.

Sai na ji labarin Magajiya za ta aurar da 'yarta. Magajiya ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwarmu, Hajiya ce mai jiki da murya, dillaliyar atamfa a kasuwar Makola, kuma abin da ta ce shi mata suke yi. Bikin 'yarta kuwa dole a yi yayi, wato atamfa iri ɗaya da dukan matan ƙungiya za su ɗinka su sa ranar biki, abin da 'yan Najeriya ke kira anko. Na lissafa a raina cewa idan matan nan suka fito rana ɗaya cikin ɗinkin ɗalibata, Nima da Maamobi duka za su gani, ba sai na sake roƙon kowa ba. Na shirya na je gidanta, na durƙusa, ni da gwiwata ba ta saba da ƙasa ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce wannan ai aikin lada ne, ta yarda. Har ta dafa kaina ta sa mini albarka.

Aka kawo atamfa, shuɗiya mai zanen ganye ruwan ɗorawa. Matan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa a gaban teburin nan, suna ɗaga hannu tana zagaya su da tef. Suna mata murmushi, suna nuna mata da yatsa irin wuyan da suke so. Wallahi ban taɓa ganin yarinyar nan cikin farin ciki irin na kwanakin ba. Kowace mace da irin nata yankan: mai ƙiba ta sakar mata, mai tsohon ciki ta bar mata wuri, Magajiya kuwa ta yi mata hannu mai tattara wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Hannunta na dama ya kumbura saboda juya keke, ta ɗaure shi da tsumma ta ci gaba. Ta goge kowace riga, ta ninke, ta kai wa mai ita har gida. Ni ma na yanki tawa, uwarta ma haka.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi bikin. An tare titi da rumfuna da bencina, masu kalangu suna ta aiki, ga matan ƙungiya sun cika wuri shuɗi ko'ina. Na shigo riƙe da hannun ɗalibata, kaina ya yi girma kamar ni ce uwar amarya. Ina ta gaisawa da mutane ina cewa ku dubi aikin 'yarmu. Suna amsawa da to, to, madalla, suna kawar da kai. Ban lura da komai ba, ni atamfa kawai nake gani.

Sai na ji ɗalibata ta matse mini hannu. Ta tsaya cak, idonta yana bin matan ɗaya bayan ɗaya. Ta ja ni zuwa bayan wata da ke zaune a benci, ta kama bakin hannun rigarta ta juya mini cikinsa. Kalmasar faɗi gare ta, zaren ma ba kalar da ta yi amfani da ita ba ne. Ta nuna mini wuyan wata, ta nuna mini zif ɗin wata. Sannan ta nuna Magajiya da ke tsakiyar fili ana mata liƙi, hannun rigarta a sake, babu tattarar nan ko ɗaya. Ta dube ni ta yi alamar da muke kiran Madam da ita, wato tef a wuya. A duk taron nan, mutum biyu ne kawai suke sanye da ɗinkinta, ni da uwarta.

Ban jira an watse ba. Na bi Magajiya har cikin ɗaki lokacin da ta shiga sauya mayafi, na rufe ƙofa. Ko gaisuwa ban yi ba, na tambaye ta ina kayan da yarinyar ta ɗinka. Ko a jikinta. Ta zauna a bakin gado tana gyara ɗankunne.

"Ticha, an hana ta haƙƙinta ne?" in ji ta. "Kowa ya biya. Atamfa ta biyun ma, wadda muke sanye da ita yau, daga shagona ta fito, ban karɓi komai a hannun kowa ba. Me kuma kike so?"

Na ce ina so in san dalilin da ya sa mata suka tsaya aka auna su, alhali sun san ba za su sa ba.

Sai ta sassauta murya, kamar mai lallashin yaro. Ta ce wata tsohuwa a ƙungiya ce ta lura yarinyar tana lasar bakin zare kafin ta zura a allura, kuma tana datse shi da haƙori. Yawun bebe kuwa, in ji tsofaffi, idan ya shiga tufa ya taɓa jikin mace mai ciki ko amarya, abin da za ta haifa ba zai yi magana ba. A ƙungiya akwai masu ciki, akwai masu nema, ga amarya 'yarta ta cikinta. Ita ba ta ce gaskiya ne ba, ba ta ce ƙarya ne ba, amma wa zai gwada da jikansa? Shi ya sa suka yi shawara a kai wa Madam ta ɗinka wasu, ita kuma yarinyar a bar ta ta yi nata don kada ranta ya ɓaci.

"Mun yi ne don mu faranta mata," in ji ta. "Ke ce kika ɓata abin da kika kawo ta nan."

Wace tela ce a duniya ba ta lasar zare? Maganar tana bakina, kuma ba ita kaɗai ba. Ina so in tambaye ta wa ya ɗinka kabar da ta sa ranar sunan jikanta na fari, yaron da yanzu ba ya barin kowa ya yi barci da surutu. Ina so in gaya mata shekara uku ita da matanta suna yawo da yawun Bebiya a wuyansu, suna haihuwa lafiya. Na buɗe baki ke nan aka turo ƙofa, uwar yarinyar ta shigo. Ashe ta biyo ni, don ta san halina. Ta kama zanena ta ja ni waje, har bayan gida inda ake wanke tukwane.

"Ticha, don girman Allah kada ki faɗi maganar labule," ta ce. "Idan suka sani, ko a shagon Madam ba za ta sake samun wurin zama ba. Ni ba zan dawwama ba."

Ta san abin da ake ƙullawa tun kafin biki, ita ma an gaya mata, ta yi shiru saboda a unguwar take sayar da abinci. Na dube ta cikin shuɗiyar rigar da 'yarta ta ɗinka mata, ta zauna mata ɗas, na rasa wanda zan zaga. Na haɗiye maganar, kuma ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irinta ba.

Kwana biyu bayan haka Madam da kanta ta zo gidan su yarinyar, ina zaune. Ba kunya ba tsoron Allah ta ce tun da ɗalibata ta tafi aiki ya yi mata yawa, 'yan matan da suka rage hannunsu bai faɗa ba, har an fara dawo mata da kaya. Idan tana so ta dawo, wurinta yana nan, za a riƙa ba ta wani abu duk wata. Na fassara wa yarinyar da hannu ba tare da na ƙara ko na rage ba. Ta girgiza kai, ta taɓa tef ɗin da ke wuyanta, ta nuna teburinta da ke waje. Na ji daɗi har cikin raina. Madam ta tashi tana cewa ƙofa a buɗe take.

Abu ɗaya ne yake damun yarinyar, kullum sai ta tambaye ni: ina rigunan? Idan ba za su sa ba, suna cikin akwati ne? Ni ma ban sani ba, don Magajiya ba ta amsa mini wannan ba. Ranar Juma'a muka samu amsa. Mun fito za mu sayo zare, muka bi ta gaban babban masallaci daidai lokacin da ake shirin sallamewa. A gefen katanga akwai inda makafi da guragu mata suke zama a jere duk Juma'a. Tun daga nesa na hango layin ya yi shuɗi. Ashe Magajiya ta tattara kayan gaba ɗaya ta yi sadaka da su, don Allah ya ba amarya zaman lafiya. Su a ganinsu waɗannan ba abin da yawun bebe zai ƙara musu.

Na so in juya da ita, amma ta riga ta gani. Ta saki hannuna ta nufi wurin. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta fizge kayan. Sai ta tsaya a gaban wata tsohuwa makauniya, siririya kamar sanda, wadda rigar Magajiya ta faɗa a hannunta. Wuyan ya zame har kafaɗa, hannun nan mai tattara ya rufe mata yatsu. Ɗalibata ta juyo gare ni, fuskarta a murtuke, ta yi mini magana da hannu. Abin da ta ce shi ne ba a auna su ba. Duk wanda ya wuce zai ce ita ce ba ta iya ɗinki ba.

Kafin in ce wani abu ta ruga gida. Ta dawo ɗauke da keke a ka, da almakashi da fil a cikin gwangwani. Ta sa na yi wa tsohuwar bayani, na ara mata mayafina ta rufa, ta cire rigar. Ɗalibata ta zauna a ƙasa a ƙarshen layin, ta ɗora keken a kan akwatinsa, ta auna tsohuwar da tef yadda ta auna Magajiya, ta farke gefe ta soma ragewa. Makauniyar tana ta shafa tattarar hannun tana tambayata wace tela ce ta yi wannan, ita ba ta taɓa sa riga mai shafi ba. Sauran matan layin suka fara miƙo nasu hannuwan, kowace tana so a gyara mata.

Ana cikin haka aka sallame salla, maza suka fito. Suna bin layin kamar yadda suka saba, kowa yana sakin abin da ya sawwaƙa a gaban kowace. Wani dattijo mai farar riga, wanda na san shi, ya san ni, ya kuma ci goron firidom ɗinta, ya iso ƙarshen layi. Ya dubi yarinyar a zaune a ƙasa, ya ce Allah sarki, Bebiya an dawo cikin 'yan'uwa. Ya sa hannu a aljihu ya saki kwabo a kan akwatin keken. Ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta ga kwabon. Na bayansa ma ya saki nasa, na bayan wannan ma haka.

Wannan karon ba ta bi kowa da gudu ba. Ta tsayar da keken, ta zuba wa kwabban ido. Sannan ta ƙarasa ɗinkin da ta fara, ta datse zaren da haƙori, ta sa wa tsohuwar rigar, ta gyara mata wuya har ya zauna. Ta tattara kwabban ta zuba a tafin makauniyar ta rufe mata yatsu. Ta cire tef ɗin daga wuyanta ta naɗe shi ta jefa cikin gwangwani. Ta yi mini alama in taya ta ɗora keken a ka.

Na bi ta a baya ina tsammanin gida za mu. Da muka iso mararraba ba ta gangara Maamobi ba, ta miƙe babban titi. Na sha gabanta ina mata magana da hannu, ina ce mata ta tsaya mu yi shawara, akwai Alajo, akwai wasu unguwannin da ba a san ta ba. Ta kawar da ido, kuma idan kurma ya kawar da ido, magana ta ƙare. Madam tana zaune a ƙofar shago tana cin gyaɗa. Da ta hango mu ba ta tambayi komai ba, ta tashi ta ɗage labulen.

Ɗalibata ta shiga ta sauke keken a inda yake a da, ta ja kujera ta zauna, ta ba ni baya. Akwai tulin atamfofin mutane a gefe, ta jawo ta sama ta shimfiɗa. Na tsaya a tsakiyar shagon, 'yan mata suna kallona, na buga ƙafa a daɓen katakon nan. Na sake bugawa da ƙarfi har almakashi ya yi tsalle a kan tebur. Na san ta ji, don na ga kafaɗarta ta motsa, amma ba ta waiwayo ba. Madam ta saki labulen.